Sanyin Bana a Tudun Ɗinya

Asabar, 6 ga Disamba, bayan la'asar. Kano.

Na gama haɗa kaya. Abdulhadi ya shigo ya tarar da jakar a tsakiyar ɗaki, ya tsaya yana kallonta kamar ita ce ta yi masa laifi. Ya ce, "Umma, wai da gaske tafiyar za ki yi?" Na ce masa ban taɓa haɗa kaya da wasa ba.

Ya zauna ya riƙa kunna min saƙonnin muryar da ake ta turawa a waya. Wani ya ce an shiga wani ƙauye ta wajen Shanono an kore shanu. Wani ya ce har mata aka tafi da su. Wata kuwa kuka kawai take yi, ba a jin abin da take faɗa. Na tambaye shi wane ƙauye ne, bai sani ba. Ni ma ina jin rediyo, ba kurma ba ce ni. Amma ban ji an ambaci Tudun Ɗinya ba.

Tun shekarar da na haife shi nake zuwa garin nan duk sanyi. Gadona na kusa da na Huseina a ɗakin haihuwa. An kawo ta daga ƙauye a wahale, ba ta san kowa a birni ba, sai muka riƙa cin abinci a kwano ɗaya. Ita ta haifi Zubair, ni na haifi Abdulhadi a satin. Da za a sallame ta, ta ce in zo in ci sabuwar gyaɗa idan an gama kaka. Na je, kuma ban daina ba. Ko lokacin da nake aikin jinya, da hutu ke wuyar samu, na je. Shekarar da Alhaji ya rasu ma ina fita takaba na je.

Abu ɗaya ne ban gaya wa Abdulhadi ba. Na kira Huseina a satin nan, ta ce lafiya lau suke. Na ce ina nan tafe ranar Litinin. Da can idan na faɗi haka sai ta yi guɗa a wayar har kunnena ya yi zafi. Wannan karon ba guɗa, sai ta ce, "To. Allah ya kawo ki lafiya."

Wataƙila sabis ne. Sabis ɗinsu ba shi da kyau.

Litinin, 8 ga Disamba, bayan magariba. Tudun Ɗinya.

Na iso lafiya. Bari in fara rubuta wannan.

Motar haya na shiga, tunda Abdulhadi ya ce ba da hannunsa zai kai ni ba. Daga Bichi har Bagwai ban ga abin da ya canza ba. Kara a tsaye a gonaki, mata na sussuka, masu rake a bakin titi. Har na fara jin haushin masu tura saƙonni. Sai bayan Shanono mai babur ɗin da ya ɗauko ni ya riƙa waige-waige, ya ce shi la'asar ba ta yi masa a wannan hanya.

A bakin gari an gitta gungumen icce a hanya, 'yan sa-kai na zaune a gefe. Ɗaya ya taso da bindigar toka a kafaɗa, ya naɗe rabin fuskarsa da rawani. Sai da ya durƙusa ya yi min sannu da hanya na gane Zubair ne. Yaron da na goya. Ya rame. Ya ɗauki jakata har gida, bai tambayi Abdulhadi ba, shi da ba ya bari in zauna sai ya ji labarin ɗan'uwansa.

Huseina ta fito daga madafi riƙe da muciya, ta tsaya. Ta ce, "Kin zo." Na ce na zo. Sai daga baya ta rungume ni, ta daɗe ba ta sake ni ba.

Ɗakina a kulle da kwaɗo. Ɗakin ƙuryar gida, bayan rumbu, wanda kowa ke kira ɗakin Hajiya. Ta ce wake suka zuba a ciki aka sa masa magani, warin ba zai bar ni barci ba. A ɗakinta zan kwana. Matar Zubair da yara suna Ɗanbatta wajen iyayenta, wai ganin gida.

Tuwon dawa da busasshiyar kuɓewa. Daɗinsa na nan yadda na bar shi.

Talata, 9 ga Disamba, da hantsi.

Yau da safe na ce a raina Abdulhadi bai san abin da yake faɗa ba. Sanyi ya sauko sosai. Muka hura wuta a tsakar gida, muka tura dankali cikin toka, Huseina ta dama kunun tsamiya. Gwiwoyina da ke damuna a Kano sun yi shiru. Saboda wannan zaman nake zuwa. Ba na neman komai bayan shi.

Da rana ta ɗaga na fara sauraron sallamar Aina'u. Matar rugar da ke bayan fadama ce. Duk hantsi takan shigo da ƙwaryar nono, ta sauke a gindin rumbu, Huseina ta auna mata gero, ita kuma ta zauna ta yi ta tsokanata wai 'yar birni ba ta iya shan fura ba sai da cokali. Duk shekara nakan kawo mata man kaushi. Bana ma na kawo, yana cikin jaka.

Ba ta zo ba. Na tambayi Huseina, ta ce sun tashi. Na ce ina suka koma da sanyin nan, ga karmami ko'ina a gonaki? Ta ce ai su ba sa faɗa. Sai ta miƙe ta ce bari ta duba wake.

Laraba, 10 ga Disamba, bayan azahar.

Duk wanda na gaisa da shi ya ce lafiya lau.

Alhamis, 11 ga Disamba, bayan la'asar.

Na hau tudun bayan makaranta neman sabis. Abdulhadi ya kira ya fi a ƙirga. Na ce masa lafiya lau. Ina faɗa na ji muryata ta zama irin tasu.

Daga tudun ana hango bayan fadama. Na duba wurin da rugar take. Babu bukka ko ɗaya. Baƙaƙen da'irori ne a ƙasa, kowacce a inda bukka take. Wanda ya tashi da kansa ba haka yake barin wuri ba. Na tsaya ina kallo har ƙafata ta gaji.

A hanyar dawowa na biya wajen Bilkisu, maƙwabciyar Huseina, wadda ba ta iya riƙe magana. Ta ja ni cikin ɗaki ta rage murya. Ta ce a watan jiya mutanen daji suka shiga ƙauyen da ke gaba da su, suka kore shanu, suka tafi da mata biyu, ɗaya da goyo. Ta ce a rugar nan suka kwana kafin su shiga. Na ce wa ya gani? Ta ce kowa ya sani. Can kuma ta ce wai su ma 'yan rugar an kore musu shanu a ranar, amma wasu sun ce wayo ne. Na ce to wa ya ƙone bukkokin? Ta kalle ni, ta ce ko zan sha ruwa.

Ɗaya daga cikin matan da aka tafi da su 'yar ƙanwar Bilkisu ce. Sai da na zo fita ta faɗa, tana gyara ɗankwali. Na ce Allah ya bayyana ta.

Na dawo gida ban tambayi Huseina komai ba. Ita ma ba ta tambaye ni inda na daɗe ba.

Juma'a, 12 ga Disamba, da hantsi.

Zubair ya aiko mahaifiyarsa ta kira ni zaure. A can yake kwana yanzu, idan ya kwana. Abincin da aka kai masa jiya na nan a rufe.

Ya ce ko ina da maganin da ke sa barci. Na ce ba na yawo da shi. Da ya miƙa hannu zai gyara tabarma na ga tsumma a ɗaure a wuyan hannunsa. Na ce ya kwance. Ƙuna ce, mai faɗi, ta kwana biyu, gefenta ya fara warkewa, tsakiyar na ruwa. Ya ce salansar babur ce. Shekaru na yi ina wanke ƙunar salansa, a ƙafa take zuwa. Ban ce masa haka ba. Na wanke da ruwan gishiri, na naɗe da bandejin da ke jakata.

Ina ɗaurewa ya ce, "Hajiya, yaushe za ki koma?"

Na ce ko korata yake yi? Ya ce subhanallahi. Ya sunkuyar da kai, har na ɗauka wata magana ce za ta fito. Sai ya ce na gode.

Asabar, 13 ga Disamba, bayan magariba.

Mu uku ne a gidan nan. Malmala huɗu Huseina ke kwashewa.

Kuma ban taɓa ganin waken da ake kai wa buta ba.

Ko ni ce tsufa ya fara taɓawa? Alhaji ma da haka ya fara, yana ƙirga takalma a bakin ƙofa.

Lahadi, 14 ga Disamba, bayan azahar.

Mun yi faɗa da Huseina. Tunda muka san juna ba mu taɓa yi ba.

Ni na fara. Na ce idan ba ta son zuwana bana, da ta faɗa a waya. Na ce ba baƙuwa ba ce ni da za a kulle min ɗaki a riƙa zagaye ni da magana. Na ce gobe zan nemi babur. Na faɗi wasu abubuwan ma da ba sai na rubuta ba. Tana tsaye tana jina, hannunta a cikin ruwan wanke-wanke. Da na gama ta tsame hannun, ta goge a zaninta, ta leƙa zaure ta ga babu kowa, ta saka sakata.

Ta ce, "Tahira, ɗauko jakar maganinki."

Rabon da ta kira sunana har na manta. Ƙawa take ce min.

Na shiga ɗakina yau. Akwai wake, buhu biyu, a bakin ƙofa. Wannan ɓangaren gaskiya ne.

Ba zan rubuta suna ba. Littafin nan a ƙarƙashin tabarma yake kwana, kuma mata na shiga suna fita. Zan dai ce man kaushin da na kawo ya sami mai shi. Da ta gan ni ta yi ƙoƙarin tashi zaune, ta ce "Hajiya" yadda ita kaɗai ke faɗa, sai ta rufe fuska da hannu.

Ƙuna ce a ƙafar dama, daga idon sawu zuwa kusa da gwiwa. Huseina ta yi ta shafa zuma, kuma zumar ce ta riƙe ta zuwa yanzu, amma ta fara wari, jikin kuma da zafi. A bayan rumbu ta tsince ta da asubar ranar da aka ƙone rugar, ta ja jiki ta cikin kara tun daga fadama. Gidan da ta sani ke nan.

Na wanke. Ba ta yi ƙara ba, ta cije gefen zaninta. Sauran bandejin da na yanka wa Zubair na naɗa mata.

Da muka fito na tambayi Huseina ko Zubair ya sani. Ba ta kama sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Yaron nan bai taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba."

Ban ba ta haƙuri kan maganganun safe ba. Ita ma ba ta nema ba. Mun ci abinci a kwano ɗaya.

Litinin, 15 ga Disamba, da safe.

Zazzaɓin bai sauka ba.

Talata, 16 ga Disamba, bayan la'asar.

Na je Shanono a babur, na shiga kemis. Na sayi kafso, da auduga, da bandeji mai yawa, da maganin ƙuna. Mai kemis ɗin ya jera su a kan teburi, ya dube ni, ya tambayi wanda ya ƙone. Na ce ɗan ƙawata ne, salansa. Ya ce Allah ya sawwaƙe, bana ƙunar salansa ta yi yawa ta wajen nan. Ban sani ba ko magana ya gaya min, ko hira ce kawai. Yanzu duk abin da aka faɗa sai in ji kamar da wani abu a ƙarƙashinsa.

A shinge wani daga cikin 'yan sa-kai ya ce in buɗe leda. Zubair ya ce nasa ne, ya ɗaga hannunsa ya nuna. Bandejin da na sayo zai naɗe hannu goma. Ya gani.

Abdulhadi ya turo sabon saƙon murya. Ban kunna ba.

Alhamis, 18 ga Disamba, bayan azahar.

Zafin ya ragu. Ta sha kunu, ta ma yi min tsiyar cokali, da muryar da ba ta fita.

Ina wanke ƙafar na yi tambayar da ke cina. Na ce mata, mutanen dajin nan, da gaske a wajenku suka kwana? Ta ce wasu sun zo da yamma a kan babura, da bindigogi, suka ce a ba su nono da ruwa, aka ba su. Ta ce Hajiya, idan ke ce, za ki hana? Na ce mijinki fa? Ta ce ya bi shanu da aka kore, tun ranar ba ta gan shi ba. Na ce bin sawu ya yi, ko tare suka tafi? Ta ce, "Allah ne ya sani." Ba ta yi fushi da tambayar ba. Da ta yi fushi da na fi samun sauƙi.

Yaranta sun gudu ta arewa lokacin wutar. Ita ta koma ɗauko wani abu a bukka, ta ce ta manta ko mene ne.

Na fito na tarar da Bilkisu a tsakar gida, ta zo aron turmi. Ta zauna a gindin rumbu, bayanta na kallon ƙofar ɗakina, tana ba mu labarin ƙanwarta da ta daina cin abinci saboda 'yarta. Tana kuka. Na riƙe mata hannu. Da hannun da na gama wanke ƙafar na riƙe ta.

Ban san wa nake cuta ba. Ina jin dai akwai wanda nake cuta.

Juma'a, 19 ga Disamba, bayan la'asar.

Bayan an sauko daga masallaci aka yi taro a ƙofar gidan mai gari. Mu mata daga baya muka ji. Wai an ga babura jiya ta bayan fadama. Wai akwai mai ba su labari a cikin gari. Wasu kuma sun ce ba babura ba ne, injin ban ruwa ne na masu lambu. An dai yanke cewa za a shiga gida-gida.

'Yan sa-kai sun zo nan su huɗu, har da Zubair da babbansu, wani dattijo mai furfura da na sani tun yana sayar da kalanzir. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi mutanen birni. Huseina na tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba. Ni kuwa na zauna a kan kujera 'yar tsuguno na rasa inda zan ajiye hannuwana.

Suka leƙa ɗakin Huseina, da na matar Zubair. Dattijon ya nuna ƙurya da haɓa. Sai Zubair ya ce wake ne da magani, shi ya zuba da hannunsa, jiya ma ya duba. Ya faɗa yana kallon ƙasa. Dattijon ya ce to, suka fita.

Bai duba ba jiya. Makullin na ɗaure a bakin zanin Huseina.

Bayan fitarsu ta ci gaba da tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe. Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Za su dawo."

Asabar, 20 ga Disamba, da hantsi.

Na hau tudu na kira Abdulhadi. Na ce ya zo gobe ya ɗauke ni, da motarsa, shi kaɗai. Ya ce alhamdulillahi, ya ce ai ya gaya min. Na bar shi ya faɗa har ya gaji.

Ban kalli bayan fadama ba yau.

Lahadi, 21 ga Disamba, bayan magariba. Kano.



Ya iso kafin azahar. Na sa ya juya motar ya matso da ita daf da ƙofar zaure, na ce kaya ne da nauyi. Muka jira aka kira salla, maza suka tafi masallaci. Huseina ta sa mata dogon hijabin matar Zubair, ni na sa mata takunkumi irin na asibiti. Muka kamo ta mu biyu. Rabonta da ganin rana tun ranar wutar, ta runtse ido ta kusa faɗuwa.

Abdulhadi ya dube ni. Na ce mara lafiya ce, za mu kai ta asibiti. Ya buɗe baki, na ce ya buɗe ƙofar baya.

Huseina ta ɗora min ƙullin gyaɗa a cinya. Ba mu yi sallama irin ta kullum ba. Ta ce in gaida gida, ta koma ciki kafin motar ta tashi.

Na yi zaton za mu tarar da shingen babu kowa saboda salla. Ashe rabi suke tafiya, rabi su tsaya. Dattijon na nan. Ya zo ya yi wa Abdulhadi barka da zuwa, ya ce har Hajiya za ta gudu ta bar su. Sai ya leƙa baya. Ya tambayi wacece. Na ce mara lafiya ce. Ya ce ta wane gida?

Ina jin numfashinta a bayana ta cikin takunkumi.

Zubair ya taso daga gindin bishiya. Ya zagayo ta gefenta, ya sunkuyo, ya dafa gilashi da hannun nan mai bandeji. Hijabin matarsa ne, ya san shi. Ƙafar ma ta fito kaɗan ta ƙasa. Ya kalle ta, ita ma ta ɗago ta kalle shi. Ban san tsawon lokacin ba. Ban san abin da kowannensu ya gani ba, kuma ba na jin zan taɓa sani.

Ya miƙe ya ce wa dattijon, "Ta gidanmu ce, Baba. Innata ce ta ce a kai ta."

Shi da kansa ya ja gungumen, da hannu ɗaya. Da muka zo wucewa ya sunkuyo ta tagar Abdulhadi ya ce, "Ɗan'uwa, kada ka tsaya a hanya."

Har Bagwai Abdulhadi na ta kallon madubi. Na jira ya fara faɗa, na ma shirya abin da zan mayar masa. Da muka kusa Bichi ya rage murya ya ce, "Umma, ta ci abinci kuwa?" Na ce ta sha kunu. Ya cire rigar sanyinsa da hannu ɗaya yana tuƙi, ya miƙa baya.

Talata, 23 ga Disamba, da safe.

Yanzu zan iya rubutawa. Aina'u. Aina'u tana ɗakin baƙi.

Wata tsohuwar abokiyar aikina ta zo ta duba ƙafar, ta ce ba za a yanke ba, in sha Allahu. Ba ta tambayi komai ba.

Aina'u ba ta son a rufe ƙofa, ba ta kuma son a buɗe. Na bar ta rabi.

Alhamis, 25 ga Disamba, bayan azahar.

Na sami Huseina a waya da kyar. Ta ce lafiya lau. Na ce ban da lafiya lau. Ta yi 'yar dariya, ta farko da na ji bana. Ta ce 'yan sa-kai sun dawo ran Litinin, ta buɗe musu, suka ga wake. Ta ce yaron nan ya ci abinci jiya, amma har yanzu a zaure yake kwana, kuma bai ce mata komai ba. Babu labarin 'yar ƙanwar Bilkisu.

Abdulhadi ya tambaye ni ko baɗi ma zan je. Ba da faɗa ya tambaya ba. Na ce ban sani ba. Gaskiyar ke nan, ban sani ba. Na je neman zama a bakin wuta ne kawai.

Asabar, 27 ga Disamba, bayan la'asar.

Akwai lambar da Aina'u ta haddace, ta yayanta da ke zaune ta wajen Katsina. Tun ranar da muka zo nake buga mata safe da yamma, kullum a kashe.

Yau ta shiga. Namiji ya ɗauka. Na miƙa mata wayar na zauna a bakin gado.

Da Fillanci suka yi magana, ba na ji. Sai na riƙa kallon fuskarta ko zan gane. Ta yi magana da sauri, ta yi shiru ta saurara, ta dafe ƙirji. Ta kira wasu sunaye. Na ji muryar yarinya ta shigo wayar, Aina'u ta yi dariya hawaye na zuba. Sai namijin ya karɓa ya yi doguwar magana, ita kuma tana ta cewa to, to, a hankali, har wayar ta mutu.

Ta miƙo min da hannu biyu. Ta ce, "Hajiya, biyu suna can wajen kawunsu."

'Ya'yanta uku ne.

Na jira ko za ta ƙara wani abu. Ta gyara hijabi, ta ce in taimaka mata da buta.